Gammon da Na Naɗa wa Kaoutar

Zango, Kwatano

Zuwa ga 'yata Dijatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen Parakou. Yaya wuyan jikata, amaryata Kaoutar? Malam Rafiou ke rubuta mini, na ce kada ya gyara mini magana.

Kin zo cikin fushi kin ɗauke ta saboda ciwon wuyan, ko shekarar lakwal, wato makarantar boko, ba ta ƙarasa ba. To ki ji. Da ta ce jakar littattafai tana cin kafaɗarta, na naɗa mata gammo na ɗora mata a ka. Shekara arba'in ina dako a kasuwar Dantokpa, haka babbanmu a dako, Dramane, ya koya mini, shi ma haka aka koya masa. Ni ban ga laifina ba. Sai dai gidan ya yi shiru. Har yau koko kofi biyu nake saye da safe.

Mahaifinki,
Jibrilu

Dijatu,

Ina gaishe ku, ina tambayar jikin yarinyar. Shiru ba amsa.

Jakar da kuka bari na ɗora ta a sikelin masu masara, kilo takwas. Likitan da ke duba gwiwata ya ce jakar yarinya kamar Kaoutar kada ta wuce kilo uku, kuma a goye a baya, hannu biyu a saƙale, ba a ka ba. Na yi masa gardama sosai. Da na dawo sai na zauna ina tuno abokan dakona. Dramane ya rasu ba ya iya waiwaye. Mahamoud a zaune yake sallah. Ni kaina sai na juyo gaba ɗaya nake ganin mai sallama. Duk na riƙe sunayensu, ban taɓa ɗora wa gammo laifin ba.

Dijatu, na yi kuskure.

Na je lakwal ɗin, ranar ƙafata ta fara taka aji. Mushe, wato malaminsu, ya yarda manyan littattafai su riƙa kwana a wani akwati da na haɗa musu a ajin. Sauran ni zan riƙa kai mata har bakin ƙofa. Ya ce zai riƙe mata wurinta zuwa ƙarshen wata, daga nan wani zai ba.

Ki turo mini ita, don Allah. Ki ce mata angonta ya warware gammon. Dako ɗaya ya rage mini a duniya, ki bar ni in yi shi.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki mai jira,
Jibrilu