Dije, Ashe Kolonya Gari Ne

Assalamu alaiki Dije,

Bayan gaisuwa mai yawa. Har na fara rubuta da fatan kina lafiya, don hannu ya saba, sai na tuna inda kike takarda ba ta zuwa. Na san ba za ki karanta ba. To amma wa zan gaya wa? Tun da kika tafi, ɗakin nan namu na unguwar Mansur a Makka daga ni sai ƙarar mukayyif mai sanyaya ɗaki.

Labari na kawo miki, wanda da kina nan sai kin yi mini musu. Dije, ashe kolonya gari ne. Turaren nan naki mai ƙamshin lemo, wanda kike zubawa a tafin hannu ki shafa mini a goshi in kaina na ciwo, wanda kika rantse a Ɗa'if ake yin sa don can ne garin furanni, sunan wani birni na Jamus ya ci. Kuma birnin da autarmu Safiya ke zaune da mijinta ne. Muna ta cewa Kolon, Kolon, kwalba na kan taga tana kallonmu, ba wanda ya haɗa su. Ni da na yi makarantar midil, na haddace kogunan Turai da bulala, ni ma ban gane ba.

Safiya ce ta gaya mini. So take in je, kuma kin san wayon 'yarki, ba ta roƙo. Sai ta kira ni ta waya mai hoto, ta riƙe ta a gabanta, ta yi ta yawo da ni cikin gari.

Na ga koginsu, Rayin, wanda a da layi ne kawai shuɗi a taswirar ajinmu. Faɗi gare shi, Dije, kuma ba ya sauri. Akwai jiragen ruwa na masu yawon buɗe ido, mutum ya zauna da kofin shayi, gari na wucewa ta gefensa. Nan take na tuna ki. Sau nawa kika ce Makka ta ba ki komai ban da kogi, kina kewar ruwan Yawuri? A bakin ruwan akwai gidaje sirara a jere, wannan rawaya, wancan kore, kamar kayan lefe da aka baje. Bayansu wani coci ne baƙi mai hasumiya biyu, sai da Safiya ta ja da baya sosai kafin ya shiga cikin wayar. Ta ce ana hawa har sama ta matakala. Na ce ta gaishe mini da matakalar, ni da gwiwoyina mun gama magana.

Akwai gadar jirgin ƙasa da masoya suka cika da kwaɗuna, kowa ya kulle nasa ya jefa mabuɗin a ruwa. Na ji muryarki sarai kina cewa asarar kwaɗo. Akwai gidan da ake nuna yadda ake yin cakulan. Akwai akwatuna rataye a waya masu tsallakar da mutane kogi ta sama. Sai kuma tsohon kantin turaren, kwalabe jere har rufi.

Yanzu in na kishingiɗa bayan azahar, tsakanin barci da ido biyu, can nake samun kaina. Muna cikin jirgin ruwan, kin yafa farin mayafinki, kin miƙa hannu kina son taɓa ruwa, ina cewa ki yi hankali. Babu tari, babu sanda. Wani lokaci kogin ya juye ya zama na Yawuri, cocin ya zama dutse, sai kiran la'asar ya dawo da ni.

Ga abin da ya hana ni sakewa. Mijin Safiya ya gama maganar biza, an yi mini huruj da auda, takardar fita da dawowa, saura in ce to. Malam Sule mai shayi, maƙwabcinmu, ya zaunar da ni ya ce in ji tsoron Allah. Ya ce mutane na sayar da gonaki su zo su mutu a nan, ni kuma da ciwon zuciyata zan ɗauki jaka in fita? In ajali ya same ni can, wa zai kai ni Harami a yi mini salla? Ya taɓa inda ke mini ciwo. Burina in kwanta a maƙabartar Shara'i inda kike, ko da yake kaburburan ba su da suna, ko an ce in nuna naki ba zan iya ba.

Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Ba kullum kaina ke ciwo ba, Dije. Sau da yawa hannunki nake so, kunya ta hana ni cewa haka. Ko kin gane? Ina jin kin gane, don wani lokaci kina shafawa kina murmushi.

Ran Juma'a aka ba ni takwararki a waya, jikar da ba ki gani ba, suna ce mata Ummi. Na ce amaryata, yau angonki kansa na ciwo. Sai ta ruga, ta dawo da 'yar kwalbar kolonya, ta zuba a tafinta, ta shafa wa gilashin wayar, daidai goshina. Fuskarta ta dushe, ina jin Safiya na faɗa za ta lalata mata waya. Ni kuwa wallahi na ji ƙamshin lemo a ɗakin nan.

Zan tafi, Dije, bayan an watse daga Hajji. Yarinyar nan ba za ta girma tana zaton kakanta gilashi ne ba. Kwalbarki zan bar ta kan taga da ɗan abin da ya rage a ciki. In Allah ya dawo da ni, zan zo Shara'i in yi wa kowa sallama, ke za ki gane ni ta ƙamshi. In kuma ban dawo ba, kada ki ce na guje ki. Garin turarenki na tafi.

Allah ya haskaka makwancinki, ya haɗa mu inda koguna ke gudana.

Naki, mai yawan ciwon kai,
Abdu