Fo da Takalman Inna

Haɗeja.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Ma'u mai karanta miki wasiƙa, da duk mutanen Guri. Ya ciwon gwiwa? Ruwa ya janye daga gonar shinkafa kuwa?

Inna, ƙarar angonki na kawo, wato jikan nan naki. Yaye na wata biyu kika ce, kika riƙe shi shekara biyu, kika dawo mini da shi a sangarce. Mun samar masa gurbi a nazire, amma shugabar makarantar ta ce ba sa karɓar mai famfas, sai wanda ya iya hawa fo. Idan aka dawo daga hutu bai iya ba, wani za a ba gurbin, mu sai baɗi.

Na sayo fo shuɗi, ya kifa a kansa wai hular kwano. Ya kafe ba zai yi kashi ba sai an miƙe ƙafa an zaunar da shi a kai, yadda kika saba masa. Na miƙe tawa ƙafar, ya duba ya ce ba irin taki ba ce, babu faso. Sai ya matse har cikinsa ya yi tauri, can ya laɓe bayan randa ya saki a wando. Na yi lallashi, na yi faɗa. Wallahi jiya har kuka na yi.

Taki,
Ummussalma.

Haɗeja.

Innata,

Sallama da gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Bunu direba ya kawo bandar kifi, mun gode. A ƙasan buhun na tarar da tsofaffin silifas ɗinki, waɗanda diddige ya cinye. Na zaci tsiya ce, sai Bunu ya isar da saƙonki cewa in ajiye su gefe da gefen fo in yi shiru.

Haka na yi. Ya zagaya su, ya shinshina, ya kira sunanki. Sai ya tuɓe wando da kansa ya zauna a tsakaninsu, yana dafe da su. Inna, ya yi! Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Saura fargaba ɗaya: in babu takalman ko kallon fo ba ya yi.

Taki,
Ummussalma.

Haɗeja.

Innata,

Ina gaisuwa, a gaida Ma'u. An koma makaranta. Da safe na ƙunshe takalman na tura cikin jakarsa, ina ta tunanin yadda zan yi wa malamarsa bayani. Sai ya zaro su ya miƙo mini, wai a mayar wa matarsa, tana can Guri tana taka caɓi ba takalmi. Na bar shi ya tafi haka nan.

Da azahar ya dawo wandonsa a bushe. Malamar ta ce shi ya ɗaga hannu ya nemi fo, har buta ya ɗauko.

Ga takalmanki nan, babansa ya haɗo da sababbi. Amma kada ki yar da tsofaffin, Inna. In Allah ya kai mu girbin shinkafa zan haihu, kin ga wata rana za a sake neman su.

'Yarki mai ƙaunarki,
Ummussalma.