Kada a Raba Duna da Goshi

Abin da nake roƙo ɗaya ne, bari in faɗe shi tun numfashina bai sarƙe ba: kada a raba yarana. Su ukun nan, da wanda ke cikina in ya zo da rai, a bar su gida ɗaya suna cin tukunya ɗaya. Madam Ebere, matso da wayar kusa, muryata ba ta fita sosai.

Bismillahi. Ni ce Ammatullahi, matar marigayi mafarauci, a nan unguwar Shehuri. Ban yi makaranta ba, ban iya rubutu ba, shi ya sa maƙwabciyata take ɗaukar maganata a waya. Da hankalina nake magana, ba zazzaɓi, ba wanda ya sa ni. Tsoro kam ina ji, ba zan ɓoye ba. Gobe za a shiga da ni tiyata. Likita ya ce ɗan ya kwanta a gicciye, jinina kuma ya yi ƙasa, ga jini yana wuya a asibiti tun da bam ya tashi a kasuwa. In na fito, a goge wannan, mu yi dariya. In ban fito ba, a zaunar da yarana a kunna musu. Da Hausa nake yi don ita kuka fi ji, Kanurinku duk a karye yake.

Kai babba, tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, kunyar ɗan fari. Yau zan kira, kada a ce ba a san da wa nake ba. Ajimi. To na kira. Da kai nake, da ƙanenka Mikail. Muhsinat ba ta kai ta gane ba, in ta yi wayo ku sake kunna mata.

Na ɗaya. Yayata, Ya Kaltum, za ta dawo gidan nan ta zauna da ku. Ta yarda. Na ji abin da ake shiryawa a zaure, ana zaton ina barci: wai Baffa Gambo, ƙanen babanku, ya tafi da Ajimi Gombe inda ya koma, Kawu Abdulsalami ya ɗauki Mikail, kowa ya tafi da karensa, wai a rage wa juna nauyi. Ba mugunta ce ta sa su ba, kowa abin ya yi masa yawa. Amma ban yarda ba, kuma zan faɗi dalili.

Na biyu, maganar karnuka. Kada wani ya ce mace tana bakin mutuwa tana zancen kare. Su ne abin da babanku ya bari mai numfashi, bayan ku.

Kun tuna da ya bi 'yan'uwansa mafarauta daji rakiyar sojoji, aka ce su ne suka san hanya. Waɗanda suka dawo suka ce sun yi masa sutura a can. Ni ban ga gawa ba. Karyarsa Damina na gani, ta iso ita kaɗai, ƙafafu duk ƙaya, ta wuce mu ta kwanta a kan buzunsa. Ashe da ciki ta dawo. Ta haifi uku a bayan randa: Duna baƙin, Goshi mai farin goshi, da ƙaraminsu Auta.

Da suka fara kokawa da surutu, Baffa Gambo ya ce uku sun yi yawa, ga dokar hana fita, kada haushi ya jawo mana ido. Ya ɗauki Auta ya kai gidan abokinsa. Da mutumin zai bar gari ya dawo mana da shi. Kuna wurin, kun gani. Auta ya shigo da gudu yana kaɗa wutsiya, ya san gidansu. Su kuwa suka shinshina shi, suka ji warin wani gida, suka sandare. Nono ɗaya suka sha, amma ba su gane shi ba. Kafin in ajiye muciya sun yaga masa kunne da wuya. Baba Pindar mai gadi, wanda ya san ciwon dabba, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma Auta bai tashi ba. Ba a fi wata biyu da raba su ba fa. To ku da za a raba shekaru? Kada wata rana ɗayanku ya shigo yana murna, ɗayan ya tsaya yana kallonsa kamar baƙo. Wannan ne yake hana ni barci, ya fi mini wuƙar likita.

Na uku. Tun da mota ta buge Damina, faɗan Duna da Goshi ya ƙaru, don ita ce take raba su. Yanzu aikinta ya dawo kanka, Ajimi. Ita ba a kowace kokawa take tashi ba. Sai ta kwanta tana kallo da ido ɗaya, suna turmushe juna, ko motsi ba ta yi. Babanku ya koya mini yadda ake ganewa, ga shi.

In ɗaya ya kwantar da ƙirji a ƙasa ya ɗaga baya, baki a buɗe, wutsiya tana lilo, wasa ne. In wannan ya hau, can kuma ya yarda ya koma ƙasa wancan ya hau, wasa ne, ko da gurnaninsu ya cika gida. Ka ƙyale su. A nan suke koyon inda haƙori ya kamata ya tsaya. Wanda aka hana shi kokawa yana ƙarami, in ya girma bai san ƙarfin bakinsa ba.

Abin tsoro shi ne shiru. In ka ga jiki ya sandare, gashin bayan wuya ya miƙe, baki a rufe, ido cikin ido, tashi tun a nan. Haka in na ƙasa ya yi kuka mai kaifi, na sama bai saki ba. Haka in kullum ɗaya ne a ƙasa, yana neman hanyar gudu ana tare shi. In ka rasa ganewa, riƙe na saman kaɗan ka ga abin da na ƙasan zai yi. In ya dawo yana tsalle, yana so. In ya shige ƙarƙashin gado, ya ishe shi.

Na huɗu. Kada ka taɓa sa hannu tsakanin bakinsu. Mikail, da kai nake musamman, hannunka yana da sauri. Kare in ya hasala bai san mai shi ba. Akwai buhun da na rataye a jikin randa, ku jiƙa shi ku jefa a kansu, ko ku watsa musu ruwa kwano guda. In bai yi ba, kowa ya kama ƙafafun bayan nasa, ku ja baya lokaci ɗaya, ba wani ya ja wani ya tsaya ba. Aikin mutum biyu ne, mutum ɗaya ba ya iyawa. Kun ji ko? In kuna gaba da juna a ranar, sai dai ku tsaya ku ga an kashe ɗaya.

Bayan an raba, ba duka. Kada a doki mai nasara, kada a rungumi wanda aka kayar a gaban ɗan'uwansa, sai ya riƙe abin. A ɗaure wannan a gindin dalbejiya, wancan a bakin ɗaki, har numfashinsu ya sauka. Amma ɗaurin kada ya kwana. Kafin magariba a kwance su, ku zaga da su tsakar gida kafaɗa da kafaɗa, su kwanta a buhu ɗaya, warin juna ya zauna a jikinsu.

Na biyar. Kasko biyu, nesa da juna, a ajiye lokaci ɗaya. Ƙanzo ne, a raba daidai. Ƙashi kuwa in guda ɗaya ne, a jefar waje, kada a ba kowa. Yawancin jinin da na goge a gidan nan a kan ƙashi ɗaya ne. Kaskonsu kada ya haɗu da kwanon mutane, kuma ku wanke hannu da tufa kafin salla, kada Ya Kaltum ta sami abin cewa. Ba ta son kare, don ni ta yarda. In wani ya ji rauni, ku kira Baba Pindar.

Na shida, wannan ce rigimar da nake so ta mutu kafin ni. Ku daina zuga su. Ina jin ku a bayan ɗaki: wannan yana cewa Duna kama shi, wancan yana cewa Goshi kada ka yarda. Ranar da Duna ya kayar da Goshi, kai Ajimi ka yi ta yi wa ƙanenka gwalo, shi kuma ya cije ka a dantse, har yau tabon yana nan, har yau ba kwa cin abinci kwano ɗaya. Karnukan kafin la'asar sun manta, suna lasar juna. Ku ne kuka riƙe. Daga yau babu karen Ajimi, babu karen Mikail. Na babanku ne, ku masu kiwo ne. Ajimi, ka fi shi ƙarfi, kowa ya sani. Wani lokaci ka yarda ka koma ƙasa ya hau, ba abin da zai rage maka. In ya yi kuka na gaske, ka sake shi nan take. Mikail, ba a cizon yaya. Ka je ka ba shi haƙuri, kada ka jira sai an sa ka. Garin nan ya ga abin da ake zama in an zuga yara a kan 'yan'uwansu. Ba a gidana ba.

Na bakwai, kaya. Ba su da yawa. Ƙahon farautar babanku da wuƙarsa suna cikin akwati, na ku biyu ne, amma mabuɗi yana hannun Ya Kaltum. Kada wanda ya fita da su ko bakin ƙofa, yanzu yaro da wuƙa ba a tsayawa jin bayaninsa. Buzunsa a bar shi inda yake, ku yi salla a kai bi da bi. Tasoshina da 'yan kunnena da kaskon turaren wuta na Muhsinat ne. Hular da nake ɗinkawa ta rage kaɗan, Ya Kaltum ta ƙarasa, a ajiye wa Ajimi ta salla. Na cikin nan in namiji ne a mayar da sunan babanku. In mace ce, duk sunan da kuka so, ban da nawa, kada ku riƙa kira kuna kuka.

Allah ya yi muku albarka. Allah ya raya ku a inuwa ɗaya, ya tsare ku a hanyar makaranta da hanyar kasuwa, ya kawo ranar da za ku kwana ba ƙarar komai sai haushin karnukanku. Na yafe muku duk wata ƙiriniya, har tulun da aka fasa aka ce Goshi ne. Ku ma ku yafe mini tsawa. Ku riƙe Muhsinat a tsakiya.

Kada wani ya zo daga baya ya ce bai sani ba. Na faɗa wa Ya Kaltum, ta dafa kaina ta ce ta ɗauka. Na faɗa wa liman bayan azahar, matarsa tana wurin. Na faɗa wa Baba Pindar. Madam Ebere ga ta, ta ji da kunnenta. Kawu Abdulsalami ya ji, ya yi kuka, ya ce ya janye. Baffa Gambo na faɗa masa ido da ido, har na tuna masa Auta. Ya sunkuyar da kai kawai, amma ya ji.

Ku ne kawai ban iya faɗa wa ba. Ga ku can a tsakar gida, ina jin gurnani, ina jin dariyar mutum biyu. Wasa ne. Madam, kashe haka nan, kada su shigo su gan ni.