Rigar da Aka Shanya a Bayan Randuna

Litinin, 3 ga Maris, 1986

Sababbin ɗalibai huɗu yau. Kafin su koyi tsayuwa sai da na koya musu sa riga: ɓangaren hagu a kan na dama, a ɗaure igiyoyin ciki, sannan ɗamara, bakunanta biyu daidai wa daida. Uban ɗaya daga cikinsu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙuguna, can ya ce, "Malam Myeong, ashe kai ma ba ka kai baƙar ɗamara ba?" Na ce masa mu 'yan Tangsudo, tsohon salon faɗan hannu da ƙafa, ba ma ɗaura baƙi. Marigayi malaminmu ya ce baƙi launin abin da ya ƙare ne. Shuɗi mai duhu muke ɗaurawa, da shi kuma ake bin bakin rigarmu. Ya gyaɗa kai irin na wanda bai gane komai ba. Ba laifinsa ba ne. Duk garin Jecheon zaurena ne kaɗai ya rage a kan tsohuwar hanya, saura duk sun bi Taekwondo tun lokacin da aka haɗe gidajen koyar da faɗa wuri guda.

Na sa 'yata Su-ryeon ta nuna musu shurin gefe. Allunan katako uku a haɗe, ƙafa ɗaya, suka watse. Mutumin ya daina maganar ɗamara. Ban yabe ta ba. A zaure ni malaminta ne, ba ubanta ba. Amma shekararta ashirin da biyu, kuma ban taɓa koyar da namijin da yake da ƙafa irin tata ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Na zagaya bayan gida neman guduma. A bayan randunan da ake tsuma kabejin kimchi, inda ba na zuwa, an ɗaura wata sabuwar igiyar shanya. Farar riga a kai. Ba tamu ba. Irin ta 'yan Taekwondo ce, wadda ake zurawa ta kai kamar singileti, da baƙin wuya mai tsini. Kusa da ita baƙar ɗamara.

Na kira matata Ok-bun. Ko fuskarta ba ta canza ba. "Tun sanyi bai wuce ba 'yarka take zuwa zauren Bang da sassafe," in ji ta. "Baban Su-ryeon, ka sauke muryarka, maƙwabta na cin abinci."

Bang Chil-seong. Ƙanena a wajen malaminmu, wanda na koya wa ɗaura ɗamara da hannuna.

Litinin, 17 ga Maris

Su-ryeon ta zo da kanta bayan ɗalibai sun watse, ta durƙusa a gabana. Akwai gasar lardi a Cheongju a watan Mayu. Ba a shiga sai da sunan zauren Taekwondo, ba a shiga sai da rigarsu.

Na ce wasan tsalle-tsalle ne, a taɓa a gudu, alƙali ya rubuta maki.

Ta ce, "Baba, tun ina 'yar shekara shida nake faɗa da ɗalibanka. Dukkansu na san numfashinsu. Ina so in san ko abin da ka koya min yana aiki a kan wadda ba ta taɓa jin sunanka ba."

Na ce rigar nan ba za ta taɓa katakon zaurena ba. Ta ce dama ba ta yi niyya ba. Na ce to, sai ta zaɓi ɗaya, kafin nan kada ta tsaya a gaban ɗalibaina. Ta sunkuya kamar yadda ɗalibi ke yi, ta ce, "To, Malam." Ta fita.

Na yi daidai.

Alhamis, 20 ga Maris

Ni na ja motsa jikin yara yau. Gwiwar hagu ta gaya min.

Asabar, 29 ga Maris

A teburin abinci ana miƙa min shinkafa da hannu biyu, ana zuba min ruwa, ana gaishe ni. Ladabi ya yi yawa a gidan nan har ya fara kama da zagi.

Laraba, 9 ga Afrilu

Chil-seong ya zo, da kwalbar giyar shinkafa da busasshen kifi. Ya yi tumbi. Ya cire takalmi, ya sunkuya wa zaure kafin ya taka, wannan dai bai manta ba.

"Yaya, ba satarta na yi ba. Ita ta buga min ƙofa."

Na ce ya mayar da ita ɗan tsako, sai tsalle a kan yatsu.

Ya yi dariya har da tari. "Ina ma! Wata uku ina fama ta yi tsallen, ta ƙi. Sai ta kafe kamar turmi, tana jiran mutum ya zo. Kai ne a cikin ƙafafunta, na kasa fitar da kai. Makon jiya ta shuri babban ɗalibina, da sulken ƙirji a jikinsa, sai da ya zauna a ƙasa yana neman iska."

Na ce ai haka ake shuri. Na ƙara masa giya.

Da abin ya fara hawa masa kai sai bakinsa ya buɗe. Wai ita kanta rigar da nake tutiya da ita, ina ta samo asali? Ba yankan Japanawa ba ne, daga lokacin da suke mulkinmu? Malamanmu ne suka bi bakinta da shuɗi don ta zama tamu. "Su ma canzawa suka yi, Yaya. Kai ne kawai ka ɗauka daga sama aka sauko da ita a ninke."

Na ce ya sa takalminsa. Ya bar kifin.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Abin da ya faɗa game da rigar ba sabon labari ba ne a wurina. Amma shuɗin namu ne. Ina wurin ranar da malam ya kawo tasa ta farko, matarsa ce ta ɗinka bakin da hannu, ya sa ta ya tsaya a gabanmu a cikin rumfar jirgin ƙasa da muke horo, babu ko tagar kirki. Chil-seong a lokacin majina yake sharewa da hannun riga.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na tarar da Ok-bun tana ɗinka sunan yarinyar a kan baƙar ɗamarar da zaren rawaya. Sunan gidanmu, Myeong, a kan baƙi. Na tsaya a kanta.

"Ka matsa, ka tare min haske."

Na ce ko ta san ma'anar abin da take yi.

"Na san shekara talatin ina wanke fararen riguna masu shuɗin baki, shuɗin yana zuba a kan farin, ina sake wankewa. Wannan aƙalla ba ta zuba." Ta ciji zaren. "Rannan yarinyar nan ta dawo da tafin ƙafa a fashe. Ba ta so ka gani."

Na juya na fita. Na ajiye man da nake shafa wa gwiwata a kan matakalar ɗakin Su-ryeon. Ya yi min yawa ne.

Talata, 6 ga Mayu

Ɗalibai biyu sun daina zuwa. Uwar ɗaya ta ce 'yarta don Su-ryeon take zuwa. Su je. Na taɓa riƙe zauren nan da mutum uku.

Juma'a, 16 ga Mayu

Gobe ne gasar. Su-ryeon ta zo ta gaishe ni kafin ta kama hanya da mutanen Bang. Na ce ta ci abinci sosai. Na gaya wa Ok-bun gobe zan je Cheongju wajen wani mai maganin gargajiya da aka ce ya iya gwiwa. Ta ce, "Oho. Ka sa rigar kirki, mai maganin ya ga mutum."

Asabar, 17 ga Mayu

Zan rubuta shi duka tun bai gushe min ba.

Na zauna can sama, kusa da ƙofa. Fili cike da fararen riguna masu baƙin wuya, kamar an zubo su daga injin guda. Da sulke a ƙirji da hular kariya a kai ba a gane ɗa daga 'ya. Amma ita na gane ta tun daga nesa. Kowa na tsalle a gefe yana ɗumama jiki, ita kaɗai ce a tsaye cak, hannuwa a gefe.

Karon farko bai daɗe ba. Abokiyar karawarta ta rugo da ƙafa a sama, Su-ryeon ta tare ta da shurin gefe a tsakiyar sulke. Ƙarar ta kai har inda nake. Aka ƙirga mata, ba ta tashi da wuri ba. Karo na biyu ma haka, sai dai wannan ta fi taurin kai, sai da aka kai ƙarshe. Wani tsoho kusa da ni, da alama tsohon hannu ne, ya dafa gwiwata, mai ciwon ma, ya ce, "Ka ga waccan? Wannan ƙafar ba a zauren yanzu aka yi ta ba. Wani tsohon mugu ne ya koyar da ita." Na ce da alama. Na ce ka dubi yadda take juya ƙugu, ka dubi diddigen ƙafar da ke ƙasa. Ya ce, "Kai ma ka san abin?" Na ce kaɗan.

A karon ƙarshe aka haɗa ta da wata 'yar jami'a, doguwa, siririya. Wannan ta kalli karo biyun farko, ta kuma fahimta. Ba ta rugo ba. Ta riƙa zagaye a kan yatsu, ta shigo ta taɓa ta fice kafin ƙafar Su-ryeon ta tashi. Taɓi, fice. Taɓi, fice. Alƙalai na rubutawa. 'Yata a kafe tana jiran shuri ɗaya mai kashe magana, kamar yadda aka koya mata. Kamar yadda na koya mata.

Sai na ji wani yana ihu, "Ki matsa! Kada ki jira ta, ki bi ta!" Tsohon kusa da ni ya juyo yana kallona. A tsaye nake.

Ta matsa. A zagaye na uku ta bi ta har bakin layi, ta same ta sau ɗaya, yarinyar ta faɗi zaune, filin ya ɗauki guɗa. Amma ta tashi, kuma maki sun riga sun yi nisa. Aka ɗaga hannun 'yar jami'a.

Su-ryeon ta cire hula, leɓe a fashe, ta sunkuya wa abokiyar karawarta, sunkuyo cikakke, ba irin na gyaɗa kai da sauri da na ga wasu na yi ba. Ta sunkuya wa malamin yarinyar. Ta sunkuya wa fili kafin ta fita daga cikinsa. Mutum nawa ne suka yi wannan yau? Na duba. Ita kaɗai.

Ta biyu a duk lardi. An kira ta sansanin horon 'yan wasan lardi a watan Yuli.

Na so in sulale, ta tare ni a matakala, lambar azurfa a wuya. "Baba, a nan mai maganin gwiwar yake zama?"

Na ce na ɓace hanya ne.

Ba ta koma da motar su Bang ba. Muka hau bas tare. Na sayi dafaffen ƙwai, na ɓare mata. Mun wuce rabin hanya kafin ta ce, "Na ji muryarka." Na ce filin cike yake da masu ihu. Ta ce, "Mutum ɗaya ne a duniya yake ce min 'ki matsa' kamar yana korar akuya."

Can kuma ta ce, a hankali, "Ta fi ni sauri, Baba."

Na ce ba ta fi ki ƙafa ba. Ta fi ki sanin inda za ta ajiye ta.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ok-bun ta rataye lambar a jikin madubi. Na mayar da ita zaure, kusa da hoton malam. Haske ya fi kyau a can.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na gamu da Chil-seong a kasuwa. Tun daga nesa yake washe baki. "Yaya, an ce wani tsoho ya kusa faɗowa daga saman benci a Cheongju." Na ce ɗalibarka ta faɗi a karon ƙarshe, kai kuma kana dariya. Ya ce, "Da ta ci taka ce, da ta faɗi tawa ce?" Na ce haka ne. Na saya masa taliya mai sanyi.

Na tambaye shi yadda suke koyar da wannan shiga da ficen. Don in san abin da ke ɓata yara ne.

Laraba, 4 ga Yuni

Na ce wa Su-ryeon ta karɓi ajin Laraba kafin ta tafi sansani, saboda gwiwata. Ta ce me za ta koyar. Na ce abin da ta ga dama. Ta ce da wace riga. Na ce ni ba tela ba ne.

Ta koya musu takun nan na kan yatsu, gaba, baya, gefe. Yara na ta dariya suna karo da juna. Daga kujerata a gaba ba na ganin ƙafafunsu sosai, don haka na sauko na tsaya a layin baya, kusa da sababbin nan masu farar ɗamara. Tunda ina tsaye a layi, kuma kowa na yi, tsayawa ƙiƙam za ta rikita na kusa da ni.

Abin ya fi yadda ake gani wuya. Ta ratso layi tana gyara wa kowa, ta iso kaina, ta ɗan tsaya. Yara duk suka juyo suna kallonmu.

"Diddige sama, Malam."

Na ɗaga.

Da aka tashi, babban ɗalibi ya ba da umarnin a gaida mai koyarwa. Kowa ya sunkuya mata. Ina cikin layi, ai ba zan tsaya ni kaɗai a miƙe kamar sanda ba.

Gwiwa ta kumbura. Laraba mai zuwa zan ɗaure ta tun kafin a fara.