Dorina ba doki ba ce

Litinin, 8 ga Janairu 2024

Dorinar nan ta sake fitowa. Fangali huɗu na shu, wato kabeji, na bakin ruwa, ta share su tas, wanda ba ta ci ba ta tattake. Sawunta kamar gindin turmi. Na tsaya na zage ta son raina, Allah ya gafarta mini.

Laraba, 10 ga Janairu

Ɗana Sila ya zo daga unguwar Lazaret da tsohuwar waƙarsa: "Mama, ki bar garkar nan, ga ɗaki na gyara miki." Na ce ubanka Gideyon ne ya sare wannan wuri da hannunsa tun unguwarmu Goudel na ƙauye. In bar wa dabba? Ya tafi yana kaɗa makullin mota, shi a dole mai fushi.

Asabar, 13 ga Janairu

Jikata Lois ta zo da ilimin lakkwal, makarantar boko. Wai madam ɗinsu ta ce sunan dorina na Faransanci daga Girkanci yake, ma'anarsa dokin kogi. Doki! Na yi dariya har da tari. Doki ana ɗaure shi a turke, a ba shi harawa, yaro ma ya ja shi. Wanda ya raɗa wannan suna daga nesa ya hango ta, kuma bai taɓa shuka salati ba.

Mu a Dogondutsi dorina muka sani, a tatsuniya. Zabarmawa su ce banga, ya fi kama da ita, sunan ma nauyi gare shi. Maƙwabcina Jibo masunci kuwa ba ya kiran ko ɗaya in yana kusa da kogi. "Mai gida" yake cewa, murya ƙasa-ƙasa. Wai gadon kakanninsa ne, in ka girmama ta sai ta ba ka hanya. Na ce ni mai gida ɗaya na sani, yana maƙabarta. Ɓarauniya sunanta.

Lahadi, 14

A majami'a an yi wa'azin haƙuri. Da ni ake, na sani.

Alhamis, 18 ga Janairu

Masu gandun daji sun zo, sun ce doka ta hana a taɓa ta. Shu ɗina fa, wace doka ta tsare shi? Na jera gwangwanaye a igiya don ƙararsu ta kore ta, na sake dasa fangulan ƙasa, har na ƙara ɗaya don ta gani. Jibo ya ce, "Inna Lidiya, ta haihu fa. Ki janye motopom ɗinki, injin ban ruwan nan, sama." Ban janye ba. Tsoro na daji, kunya na gida.

Talata, 23 ga Janairu

Jibo. Da hantsi, ina ban ruwa. Ta ɗaga kwalekwalensa ta raba biyu, a gabana. Da aka jawo shi cinyarsa a buɗe take. Na ɗaure da kallabina. Shekarun da na yi ina aikin jinya ban taɓa kasa ɗaure rauni ba, yau sai da wani ya ƙulla mini. Yana ta cewa, "Ban gan ta ba, ban ga ɗan ba," kamar mai ba ta haƙuri.

Juma'a, 26

Sun yanke ƙafar. Shi da bai taɓa ko kiran sunanta ba. Ni da na zage ta ga ni da ƙafafuna biyu. Haushi nake ji, ban san na wa ba.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Salatin ƙasa ya bushe. Gwiwata ce ke ciwo, gangaren nan ya yi mini tsayi, shi ke nan. Na kira Sila na ce ya zo da mota ya ɗauki motopom, kada ya yi tsatsa. Ya ce, "Shi kaɗai, Mama?" Na ce shi kaɗai mana. Bai kashe wayar ba. Sai na ji na tambaye shi ko ɗakin nan da ya gyara mini yana da taga.