Wayar da Ke Kan Teburina

Talata, 15 ga Afrilu 2025, Matankari

Na iso da hantsi. An rufe Inna tun jiya kafin magariba. Kawu Abdul'aziz, ƙaninta, shi ya kai ni maƙabarta. Ƙasar har ta bushe ta sama. Na tsuguna na yi addu'a, hawaye ya ƙi zuwa. Yaya Zulaiha ta amsa gaisuwata ba ta ɗaga kai ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Duk mai zuwa gaisuwa tambayarsa guda: "Ja'afar, ina kake aka yi ta kira?" Na gaji da bayani. Ina Yamai, a cibiyar ajiyar bayanai, ina gadin wuta. Aikina ke nan, in zauna gaban allo daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma, ina kallon yawan lantarkin da injuna ke sha da zafin da suke fitarwa. Wayar kowa ana kulle ta a akwati bakin ƙofa, doka ce.

Ranar Litinin ɗin aka kunna sabon layin injunan IA, waɗannan da mutane ke yi wa tambaya a waya suna ba da amsa. Layin nan guda ya fi sauran ɗakin duka cin wuta. Sau biyu wutar gari na ɗaukewa, sau biyu ina mayar da mu kan gurup, janaretanmu, ban bar zafin ɗakin ya wuce ashirin da biyu ba. Har shef, maigidana, ya dafa kafaɗata. A nan gida an ce zafi ya kai digiri arba'in da biyar ranar. Inna na kwance a rumfa, Yaya na yi mata fifita da faifai.

Da na buɗe akwati bayan na tashi, kira talatin da ɗaya.

Wani tsoho ɗazu ya ce, "To su injunan ba su iya jira ne?" Ba su iyawa, Baba. Haushi kamar in fashe.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Fura kawai na iya sha. Allah ya isa tsakanina da wannan doka.

Jumma'a, 18 ga Afrilu

Ga abin da ban faɗa wa masu gaisuwa ba. Akwai waya guda a kan teburina, ta gaggawa, wadda masu gyara ke samuna da ita. Da na fara aiki na ba gida lambarta, don ɓacin rana.

A watan Janairu Kawu ya kira ta. "Ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, ina Yamai, ina abokan aiki, ina maigidanka?" Ya gama ya miƙa wa Inna, Inna ta miƙa wa maƙwabciya. Ta yaya zan kashe wa uwata waya? A daidai lokacin na'urar sanyaya guda ta tsaya, ƙararrawa na ta kuka, mai gyara na neman layin ya kasa samu. Shef ya wanke ni tas a gaban kowa.

Da yamma na kira Yaya na sauke mata duka. Na ce ku goge lambar nan, ko gidan ne ke cin wuta kada wanda ya sake kira na a kanta, so kuke a kore ni? Ta ce to. Inna na kusa, na ji tarinta.

Kawu ne ya jawo. Fisabilillahi, mutum ya kira wayar gaggawa don ya tambayi sanyi!

Asabar, 19 ga Afrilu

Ina ɗaki na ji mata a tsakar gida. Wai Zulaiha ta yi sakaci, wai da ta so ƙaninta ya ga uwarsa da ta san hanyar da za ta bi. Tana jin su. Tana kawo mini abinci ta ajiye ta fita. Kwana biyar ke nan, ban da gaisuwa babu abin da ya haɗa mu. Ita kaɗai ta rage mini. In na koma Yamai a haka, ban san wurin wa zan riƙa zuwa garin nan ba.

Shef ya kira ya yi ta'aziyya, Allah ya saka masa. Sai kuma ya tambaye ni a nawa na saita ƙararrawar sabon layin. Na ba shi amsa ko tunani ban yi ba. Jiya Kawu ya tambaye ni sunan maganin hawan jinin da Inna ke sha, na yi ta kame-kame.

Lahadi, 20 ga Afrilu

An yi sadakar bakwai. Da mutane suka watse na sami Yaya bayan rumbu tana wanke tukwane. Na ce, "Yaya, na san ba laifinki ba ne. Ni na sa kika goge lambar."

Ta share hannu a zane, ta ciro wayarta, ta miƙo mini. Ga lambar nan, an rubuta Jafaru aiki.

"Ban goge ba," in ji ta. "Tun hantsi tana hannuna. Sau ukku ina dannawa ina kashewa kafin ta shiga. Inna ta gani, lokacin tana magana. Ta ce, bar shi, kada a yi mashi faɗa."

Na ce to bayan nan fa, mi ya hana?

"Da azahar bakinta ya rufe, na ce yanzu kam sai na kira. Sai muryarka ta dawo mani a kunne. Wallahi tsoronka na ji, Ja'afar. Ni da na goye ka."

Ta karɓi wayarta ta ci gaba da wanki. Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi, a tsaye, kamar sakarai.

Kar ɗin ƙarfe goma, bas ɗin da ke tasowa daga Yamai, na isowa Dogon Dutsi wajen uku. Daga nan zuwa gida kabu-kabu ne kawai. Inna gab da la'asar ta cika.

Litinin, 21 ga Afrilu

Ban fita ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Konje, hutun da aka ba ni, ya ƙare, gobe da safe zan koma. Na zauna rubuta wa manya takardar koke a kan dokar waya. Shafi guda cur, da zafi. Na karanta, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ban san dalili ba dai na yaga ta.

Bayan la'asar na shiga tsakar gida, matan duk suna nan suna tsince wake. Na tsaya na faɗa musu abin da na ce wa Yaya a watan Janairu, kalma da kalma, ban rage ba. Wata gwaggonmu ta ce, "Ɗaga murya, ɗan nan, ba mu jin ka." Na gwada, ta ƙi ɗaguwa. Ƙila mura ce ke son kama ni.

Yaya na bakin murhu, ba ta juyo ba. Ta ce, "Ku bar shi. Ni na ji."