Sunan Kakar Baba

Inna,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar taki? Ya Baba da Auta? Ni lafiya lau, kada ki damu, sai dai in na koma ɗaki babu mai ce min sannu.

A gidan tarihin an mayar da ni gadin ɗakin tarihin bauta. Ga sarƙoƙi, har na yara, ga hotunan mutanen ƙasashe da dama da suka yaƙi cinikin bayi. Jiya wata tsohuwa ta ce min, "Ɗana, ko sunan kakata ban sani ba."

Inna, kakar Baba da aka sayo, wa ya san ainihin sunanta? Ki tambayi Gwaggo tun tana raye. Ina so in riƙa ambaton ta a addu'a.

Ɗanki